Libarba a aljihu: abin da doka ke dubawa

Daga Birnin Ƙonni zuwa Illela ta Najeriya tafiyar ƴan mintoci ce. Ɗan kasuwar da ya taso daga Malbaza, ko daga Badagishiri cikin gundumar Illela ta jahar Tawa, yakan ƙetare iyaka da safe ya komo da la'asar, kuɗinsa a jikinsa. Tun da ƴan fashi suka addabi hanyoyin bakin iyaka, wasu na raya wa kansu cewa ƙaramar bindiga ce maganin tsoro. Sai dai kafin mutum ya biya kuɗi, ya kyautu ya san cewa hukuma na duban yadda bindiga ke aiki, ko wane suna mai sayarwa ya laƙaba mata.

A bakin jama'a, duk ƙaramar bindiga libarba ce. A wurin masana kuwa manyan irinta uku ne. Ta farko ita ce libarbar asali, mai ƴar ganga da ke juyawa, galibi da ramuka biyar ko shida, kowane da harsashinsa. A cikinta akwai wadda sai an ɗana da babban yatsa kafin kowane harbi, akwai kuma wadda jan kunama kaɗai ke ɗana ta ya harba. Ta biyu ita ce wadda Faransawa ke kira "pistolet automatique", mai gidan harsasai a cikin mariƙinta. Sunan na ruɗa mutane: ko da yake tana tofar da kwanso ta ɗora sabon harsashi da kanta, ja ɗaya harbi ɗaya ne. Ta uku ita ce mai aman wuta babu tsayawa muddin yatsa na danne da kunama. Wannan kayan yaƙi ce.

A Nijar, tun dokar 1963, riƙe bindiga sai da izinin ma'aikatar cikin gida. Izinin kuwa a bakin iyaka yake ƙarewa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Doguwar bindigar maharba da ake ɗura wa albarushi ta baki, kwamishinan ƴan sandan jaha ke ba da izininta. Bindigogin farauta na zamani suna hannun babban sufeton ƴan sanda. Amma libarba da ƴan uwanta duka, har da wadda ake ɗura wa albarushi, suna cikin haramtattun makamai tare da bindigogi masu aman wuta, kuma shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izininsu. Ke nan, wanda ya shiga jahar Sakkwato da libarba da takardar Yamai, mai laifi ne a can.

Ƙasashen yankin sun nemi haɗa baki a kan wannan. Yarjejeniyar CEDEAO da aka sa wa hannu a Abuja ran 14 ga Yuni 2006 ta sanya libarba da mai ɗora harsashi da kanta cikin ƙananan makamai, wato waɗanda mutum ɗaya ke amfani da su, ta kuma ce farar hula ba zai riƙe su ba sai da izini. Nijar ta fice daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu 2025, amma dokokinta na gida ba su dogara ga wannan ba.

Tun 1994 ƙasar ke da hukumar tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, CNCCAI. Wanda ya gaji bindiga, ko ya saye ta a ɓoye, gwamma ya kai ta ga hukuma da ƙafarsa, da a tsince ta cikin kayansa a shingen jandarma ko na duwan. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ba ya wanke mutum a gaban alƙali.