Malamin Da Ba Ka Da Hanyar Kauce Masa

Kowane sashe a jami'a yana da nasa. Tun kafin ka gama rajista 'yan aji biyu sun riga sun ba ka labarinsa a hostel: ba ya dariya, ƙarfe takwas na cika yake rufe ƙofa, yana yin tes ba tare da sanarwa ba, kuma wai rabon da a ci A a wurinsa har an manta. Da a ce kwas ɗinsa na zaɓi ne, da sai ka sauke shi ka ɗauki wani, kowa ya kama gabansa. Amma idan na dole ne, irin kwasa-kwasan GST da hukumar NUC ta wajabta wa kowane ɗalibi, ko kwas na sashe wanda ba a ba da digiri sai da shi, to kai da malam kun haɗu ke nan. Wani kwas ɗin ma sai ka ci shi za a bar ka ka yi rajistar wanda ke binsa.

Abin da muka lura da shi a ajinmu shi ne, yawancin waɗanda suka faɗi irin wannan kwas tun a makonni uku na farko suka faɗi, lokacin da suka yi fushi suka daina shiga aji. A yawancin jami'o'inmu doka ta ce sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin ka zauna jarrabawa. Malami mai sauƙin hali yakan kau da kai. Wannan kuwa takardar atandans tana cikin jakarsa, kuma ranar jarrabawa zai fito da ita. Tes da asaimen su ma suna ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100. Wanda ya zubar da su ya shiga ɗakin jarrabawa da ƙafa ɗaya.

Mu ɗan yi lissafi, don shi ne ke sa jiki ya yi sanyi. A ce ka yi rajistar yunit 15 a zango, ka ci B a duka. B maki 4 ne, GPA ɗinka 4.0 ke nan. Idan kwas ɗaya mai yunit 3 ya zama F, sai ya sauko 3.2. Kuma ba a gama ba. Baɗi za ka koma ka zauna da ƙannenka a gaban malamin nan dai, lakcarsa na iya cin karo da ta ajinka, in kuma abin ya bi ka har ajin ƙarshe sai ka ƙara shekara, abokanka suna sansanin NYSC kai kana biyan sabon kuɗin rajista.

To me ya fisshe mu? Da farko mun daina tambayar 'yan gaba da mu “yaya halinsa?”, muka koma tambayar “yaya yake makin takarda?” Amsoshin sun fi amfani nesa ba kusa ba. Ashe malamin namu ba ya son dogon surutu. Ma'ana yake so kamar yadda ya faɗe ta a aji, sai misali ɗaya, sai ka wuce. Muka tattaro tsofaffin takardun tambayoyinsa na 'yan shekaru, muka ga akwai babi biyu da ba ya taɓa tsallakewa. Da yake yana da sauri kuma ba ya maimaita magana, mu biyar muka riƙa haɗa abin da kowa ya rubuta bayan kowace lakca, wani ya cike giɓin wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ofishinsa ma mun je, mu biyu ko uku, da littafi a buɗe da tambaya guda tak. “Malam, ga inda muka tsaya, daga nan ne muka kasa.” Mutumin da ke korar mutane a aji sai ga shi ya ja kujera yana zana mana a takarda. Wanda ya je ya ce “Malam, ban gane komai ba” kuwa, shi da kansa zai ba ka labarin yadda aka yi. A tuna kuma cewa malami ɗaya na iya tsayawa gaban ɗaruruwan ɗalibai ba lasifika, ya koma ya maka takardunsu shi kaɗai. Wannan bai halatta masa zagin kowa ba, amma yana bayyana ɗaurewar fuskar wasunsu.

Sai dai tsanani daban, zalunci daban, kuma bai kamata a riƙa cakuɗa su da sunan ladabi ba. Mun taso ana ce mana malami uba ne, ba a ɗaga masa ido. Haka ne. Amma malamin da ya ce sai wanda ya sayi handawut ɗinsa zai ci, ko ya nemi kuɗi, ko ya ce wa ɗaliba ta same shi a wani wuri bayan makaranta, wannan ba haƙuri ake ba shi ba. 'Yar'uwa, kada ki goge saƙon da ya turo miki, kada ki je ofishinsa ke kaɗai, ki rubuta rana da lokaci da wanda ke wurin. Koke yana bin tsani: wakilin aji, kodinetan aji, shugaban sashe, shugaban tsangaya, sannan ofishin kula da harkokin ɗalibai. A rubuce ake kai shi, a riƙe kwafi, kuma in abin ya shafi aji duka, a sa hannu da yawa don kada a ware mutum ɗaya. Hukumar ICPC ma tana karɓar ƙorafi a kan malaman da ke neman kuɗi ko lalata don ba da maki.

In kuwa sakamako ne ya fito kana da yaƙinin an danne ka, kar ka tsaya zage-zage a guruf ɗin WhatsApp na aji, inda ba ka san wa zai ɗauki hoto ya kai ba. Jami'o'i suna da tsarin sake duba takarda: ka rubuta buƙata, ka biya kuɗin da aka ƙayyade, a ba wani malami daban ya maka. Yadda ake yi yana cikin littafin dokokin ɗalibai da aka raba mana a aji ɗaya, wanda da yawanmu muka jefa ƙasan akwati.