Mene Ne Hukuncin Hana Shiga Filin Ƙwallo a Ingila?

Hukunci ne da kotu kan yanke wa magoyin bayan da ya yi laifi a sha'anin wasa, ko a gida ko a garin abokan hamayya, inda harshe kan kuɓuce wa mai shi. Tun 1991 doka ta haramta waƙar batsa da ta wariyar launin fata, yanzu kuma ana gurfanar da masu yi wa mamatan musibar filin ƙwallo na Hillsborough su 97 izgili. Wanda aka hukunta zai ƙaurace wa filaye shekara 3 zuwa 10, ana kuma iya karɓe fasfonsa idan Ingila za ta buga a ƙetare. Kallon wasa a tsaye kuwa, da aka hana a manyan rukunoni bayan waccan musiba ta Hillsborough a 1989, an halatta shi a 2022, amma sai inda aka girka ƙarfen dafawa a kowane sahu.