Na'urar Da Ke Tace Magani Ba Dare Ba Rana

Kowa ya san yadda matan Mawashi ke tace kamu da rariya su fid da dusa. To, magungunan allura irin su insulin na masu ciwon suga, su ma sai an tace su, gama ƙwayoyin halitta ke yin su cikin manyan tukwane, kuma datti kaɗan in ya shiga jini yana iya yin ɓarna.

Dabarar ta samo asali daga wani masanin Rasha, Mikhail Tswett. A 1906 ya bayyana yadda ya zuba ruwan ganye cikin bututu cike da garin alli, launuka suka rabu hawa-hawa. Ita ake kira kuromatogirafi. Yau wani gari mai tsadar gaske ya maye gurbin allin, yana kama magani, datti ya wuce.

Da can bututu guda ake cikawa, a tsaya, a kwashe, a wanke. Yanzu akan jera uku ko huɗu. Haske yana auna abin da ke fitowa. Da zarar na farko ya ƙoshi, sai kwamfuta ta juya ruwan zuwa na gaba. Tun kafin a fara ma an lissafta lokacin cikar kowanne. Ta haka gari kaɗan ke yin aiki mai yawa, kuɗin tacewa ya ragu.

Muna roƙon malamai su ɗiga tawada a jikin alli, su tsayar da gindinsa cikin ruwa gaban yara. Gani ya kori ji.