Wa Ya Sace Zaren Likita?

Ga kacici-kacici. An yi wa mace tiyatar haihuwa a Babban Asibitin Minna, an ɗinke mahaifarta da zare, an rufe ciki. Bayan wata uku, da za a duba, ba za a ga zaren ba. Ba wanda ya sake buɗe cikin. To, ina ya shiga?

Wani zai ce ma'aikaciyar jinya ce ta cire. A'a, na fata kaɗai hannunta ke kaiwa. Zafin jiki ne ya narkar da shi? Jiki digiri 37 ne, zaren kuwa sai zafi ya kai wajen 200. Ko jiki ne ya cinye shi? An kusa. Haka ake yi da tsohon zaren hanjin tumaki. Amma wannan ba nama ba ne, dangin roba ne.

Saura mutum ɗaya da ba a tuhuma ba. Yana ko'ina a jiki. Ba ya barci.

Ruwa ne.

Zare irin su Vicryl doguwar sarƙa ce ta ƙananan sinadarai, kuma ruwan jiki na bin mahaɗinta yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Da fari ƙarfinsa ke raguwa, a daidai lokacin da naman ke haɗewa. Daga nan ya farfashe, jiki ya sarrafa ɓurɓushin, ya fitar ta numfashi da fitsari. Cikin kwana 56 zuwa 70 ya ɓace. Abin da ya fi burge ni shi ne, da gangan aka shirya satar!

Masana suka ce, tunda zare na ɓacewa, me zai hana a saƙa raga da shi? A yau na'ura na feso irin wannan roba siriri, layi kan layi, ta fitar da siffar ƙashi ko guringuntsi. Ƙwayoyin halitta su kama ramukan su hayayyafa, ragar ta janye, kamar katakon da magina ke cirewa idan kankare ya bushe. A 2012 likitocin Jami'ar Michigan a Amurka suka tokare hanyar numfashin wani jariri da abin da aka ƙera haka, mai narkewa cikin kimanin shekara uku.

Wata daga cikin robobin nan daga sitacin masara da rogo ake samo ta. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano, ga gonakin nan kewaye da ku. Ku shiga wannan bincike.