Me Ya Sa Dutsen Dala Yake Ja? Abin da Ya Haɗa Shi da Ganuwar Kano

In ka yi baƙo a Gyadi-Gyadi ko Tarauni ya ce a zaga da shi gari, yawancinmu gidan zu muke fara nufa tunda ga shi nan kusa, daga nan sai kasuwa. In an matsa, a tari adaidaita sahu a tafi Dala, a hau a ɗauki hoto a sauko. Ni ma haka nake yi, sai ran da wani baƙona ya tsinci ɗan dutse a can sama, ya ce me ya sa yake ja kuma duk ramuka kamar soso. Amsar wannan tambaya ta taɓa kusan duk abin da muke nuna wa baƙi a cikin birni.

Abin da ya tsinta shi ne marmara. Ba aman wuta ne ya haifar da ita ba, aikin ruwan sama ne da zafi. A ƙasashe masu zafi irin tamu, inda damina da rani suke karɓa-karɓa, ruwa yana ratsa dutse yana narkar da sinadaran da ke saurin narkewa, ya tafi da su. Ƙarfe da alminiyom su ne masu taurin kai, sai a bar su a baya. Ƙarfen ya haɗu da iskar oksijin ya yi tsatsa, irin dai wadda kake gani a tsohon kwano, jan ke nan. Da rani kuma abin ya bushe ya ƙanƙame. A maimaita wannan shekaru dubbai bisa dubbai, sai a sami ɓawo mai tauri a saman ƙasa.

Wannan ɓawon ne ya tsayar da Dala. Ƙasar da ke kewaye ta zaizaye a hankali, inda marmara ta yi hula kuwa ya tsira. Wato dutsen bai tsiro ba, gefensa ne ya tafi ya bar shi. Goron Dutse ma haka. Shi ya sa samansu a shimfiɗe yake kamar faranti. Mita 534 da ake ambata wa Dala kuwa daga matakin teku ake aunawa, ba daga gindinsa ba, don birnin kansa a kan tudu yake.

Ba mu kaɗai ke da marmara ba. Wani likita ɗan Sikotland, Francis Buchanan, ya ga ana yankanta ana gini da ita a kudancin Indiya, a 1807 ya laƙaba mata sunan da masana ke amfani da shi har yau, daga kalmar Latin mai nufin tubali. A Kambodiya ma an yi amfani da ita wajen gina wuraren bautar Angkor.

To, a cikin irin wannan dutse ake samun tama. Gwajin da aka yi wa gawayin wani tsohon murhun narkar da tama a Dala ya nuna ana wannan sana'a a wurin tun wajen ƙarni na 7 Miladiyya, tun kafin zuwan Bagauda da littafin Tarihin Kano ya kawo. Labarin baka ma ya ce maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka zo neman tama. Dabararsu kimiyya ce tsantsa: a haɗa tama da gawayi, a zuga wuta, sinadarin gawayin ya fizge oksijin ɗin da ya maƙale wa ƙarfen. Sun warware tsatsar da ruwa ya ɗaure ke nan.

Sai ganuwa. Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta daga baya, har da zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). Da ƙasar wurin aka gina ta, kuma kududdufan cikin birni da yawansu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne. Matsalar ginin ƙasa ita ce laka tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, tsagewa ta biyo baya. Kano kuwa kusan duk ruwanta na shekara a 'yan watanni yake sauka, mafi yawa a Agusta. Magina na dā sun san da haka sarai. A gidaje sukan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Duba fa, dattin da ke kwanciya a ramin rini irin na Ƙofar Mata shi ne simintin wancan zamani. Ita kuma ganuwa da yaɓe a kai a kai take rayuwa.

Nan ne gizo ke saƙar. Tun da Turawa suka ci Kano a 1903 amfaninta na tsaro ya ƙare, aikin gayyar gyaranta ya bi shi. A 2007 an sa ta, tare da Dala da kasuwar Kurmi da gidan Sarki, cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Amma jeri ba ya tare ruwa. A ganina ma ruwan ba shi ne babban mai laifi ba. Damina tana cin ganuwa kaɗan-kaɗan, mai ɗibar ƙasa daga gindinta ko mai kafa shago a jikinta kuwa a wuni guda yake yin ɓarnar shekaru. Da zarar an ƙwaƙule gindin, ruwan farko sai ya kwanta a wurin, nauyin sama ya ƙarasa aikin.

In za ka kai baƙo, daga Gyadi-Gyadi ku bi ta Ƙofar Ɗan Agundi ku miƙa Ƙofar Na'isa, a nan za ku ga abin da ya saura, sannan ku tsaya Gidan Makama kafin Dala. Kada ku hau kan ganuwar don hoto, sawun ƙafa hanyar ruwa yake buɗewa. Dala kuma a hau shi da sassafe, an fi ganin gari a Oktoba ko farkon Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya rufe ko'ina.