Ko Kun Sani? Tsagewar Ƙashin Baya da Ƙarfin Mazakuta

Tsagewar ƙashin baya, wadda likitoci ke kira sifina bifida, lalura ce da ake haihuwar yaro da ita idan bututun laka bai rufe ba a kwanaki 28 na farkon ciki. Jijiyoyin da ke miƙar da gaban namiji daga ƙasan laka suke fitowa, tare da na mafitsara. Shi ya sa maza da yawa masu lalurar ke fama da raunin gaba, ko maniyyi ya riƙa komawa mafitsara. Wanda tsagewarsa ke can ƙasa sosai yakan fi samun sauƙi, kuma akwai masu aure har da 'ya'ya.

Wannan raunin gaba ba sammu ba ne, kuma maganin burantashi na kasuwar Illela ba ya gyara jijiya. Ƙwayar sildenafil tana taimaka wa da yawa, amma sai da izinin likita, domin haɗa ta da wasu magungunan ciwon zuciya na da haɗari. Kwaroron roba na latex kuma yakan jawo wa da yawa daga masu lalurar borin jini.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kimanin kilomita 80 daga Illela, yana da likitocin laka da na mafitsara.