Tace Fim da Tsawon Wasali: Wata Matsala ta Masu Koyo

Kalmar "tace" aiki biyu take yi a bakin masu shirya fim na Kano. Ita ce sunan aikin hukumar da gwamnatin jihar ta kafa a 2001 don duba finafinai kafin su fita, ita ce kuma sunan aikin mutumin da ke yanka hotuna yana harhaɗa su har su zama labari. Wannan takarda a kan ma'ana ta biyu take magana.

A zamanin majigi, har zuwa lokacin da Adamu Halilu ya shirya Shaihu Umar a 1976, zaren fim ɗin kansa ake yankawa a liƙe. Da aka shiga zamanin kaset, wanda aka saba farawa ƙidayarsa daga Turmin Danya na 1990, sai aikin ya koma kwafa daga wannan na'ura zuwa waccan, bi da bi. In an yi kuskure a tsakiya sai a sake duk abin da ya biyo baya. Yanzu kuwa saurayin da ya taso daga Kanya Babba ta ƙasar Ɓaɓura ya zo Kano koyon sana'ar, gaban kwamfuta za a zaunar da shi, a buɗe masa manhaja irin Adobe Premiere. Hoto na layin sama, murya na layin ƙasa, ya yanka inda ya ga dama, in bai yi ba ya mayar.

To, a nan haɗarin yake. Manhajar tana zana murya tudu-tudu, mai koyo kuwa ido ya fi amincewa da shi bisa kunne. Inda ya ga tudun ya kwanta sai ya ɗauka magana ta ƙare, ya sa wuƙa. Alhali daƙiƙa guda hotuna 25 ce bisa tsarin talabijin na Nijeriya, hotuna kaɗan kuma sun isa su gutsure wutsiyar dogon wasali. A Hausa wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. "Baƙo" mai dogon wasali a ƙarshe shi ne wanda ya zo daga wani gari. In wasalin gajere ne, sunan mutum ne. Haka "dogo" da "Dogo". Bugu da ƙari, gajeren wasalin ƙarshe yakan rufe da 'yar hamza idan an dakata, saboda haka yankan da ya datse murya farat ɗaya kama yake yi da hamzar nan, kunnen Bahaushe kuwa ba ya kuskure ta. Sai "ga baƙo" ya koma "ga Baƙo". Rubutunmu na boko bai nuna tsawon wasali ba, don haka takardar labarin da ke gaban mai koyo ba za ta cece shi ba.

Akwai kuma rausayar murya. Jimlar Hausa gangarawa take yi: duk karin sautin sama da ya biyo bayan na ƙasa bai kai tsayin na baya ba. In an ɗauko rabin jimla daga ɗauka ta farko, aka jona da rabi daga ta uku, sau da yawa murya takan yi tsalle a mahaɗar, mai kallo ya ji kamar an soma sabuwar magana ko an yi tambaya.

Gaisuwa ma tana shan wuƙa, domin mai koyo gani yake tana cin lokaci. Wani sa'in yana da gaskiya. Amma wanda ya fara gaisarwa, da tsawon amsar da aka ba shi, su ke gaya wa mai kallo wane ne babba a ɗakin.

Littattafan koyar da manhajar da Turanci aka rubuta su, harshen da ba ya bambanta kalmomi da karin sauti, don haka ba su san da wannan ba. Malamin Hausa a kwalejin horon malamai shi ke da maganin, kuma ba ya bukatar kuɗi: a rufe hoton, a sa ɗalibi ya saurari kowace mahaɗa sau biyu da kunne kaɗai, sa'an nan a bar shi ya yanka.